Tocilar da Aka Auna da Takun Maijidda

Har yanzu lambobin suna nan a bangon zauren gidan Malam Tajuddeen, can bakin garin Gusau ta hanyar Bungudu. Da gawayi aka rubuta su, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya: ɗari da arba'in, ɗari biyu da goma, ɗari uku da sittin, haka dai har ƙasa. Baƙo in ya shigo sai ya zaci buhunan hatsi aka ƙirga. Ba hatsi ba ne. Takun Maijidda ne, matar gidan.

Tajuddeen gyaran tocila da rediyo yake yi a wata 'yar rumfa a kasuwar Gusau. Ita kuwa Maijidda 'yar wani ƙaramin ƙauye ce a bayan 'Yankuzo, ƙasar Tsafe. Iyayenta sun rasu tana ƙarama, yayanta Labbo ne ya riƙe ta. Shi ya aurar da ita, shi ya sayar da ɗan maraƙinsa ya yi mata kayan ɗaki. Ba ta da kowa a duniya da ya wuce shi.

Da mutanen daji suka fara shiga ƙauyuka da bindigogi, rabin garinsu ya watse. Wasu suka yi Tsafe, wasu Gusau. Maijidda ta share ɗakin da ke kusa da nata, ta shimfiɗa tabarma, ta aika wa Labbo cewa ya taho da matarsa Yelwa da yara. Ya aiko da cewa dawa ba ta tsira a tsakar gidan birni, kuma kabarin iyayensu ba ya shiga mota. Ta sake aikawa. Ya aiko mata da kuka da daddawa.

Bayan kaka ya zo da kansa, da rabin buhun dawa a bayan mashin da wata tocila a aljihu, wadda Tajuddeen ya gyara masa bara. Ko ruwa bai gama sha ba ya ajiye ta a gaban surukinsa.

"Injiniya, wagga tocila taka in na haska ta, akuyata kaɗai nika gani. Ita ma sai in ta yi kuka."

"Akuyar ce baƙa, Yaya," in ji Tajuddeen. "Ka sayi fara."

Suka yi dariya, amma da Labbo ya gyara zama sai maganar ta koma ta gaske. Ya ce a bayan gidansa akwai wani dutse da yake hawa. Daga kan dutsen ana hango wata tsamiya, inda burtali ya fito daga daji. Ta nan mutanen dajin suke bi. Sun daina shigowa da mashin har cikin gari, sai su ajiye su nesa su ƙaraso da ƙafa, don haka kunne ba ya amfani. Ya ce ya auna da ƙafarsa, daga dutsen zuwa tsamiyar taku ɗari biyar ne. In har zai iya ganin mutum a gindin tsamiyar nan, Yelwa da yara za su samu lokacin da za su sulale su shige korama ta bayan gida, shi kuma ya bi su. Abin da yake so ke nan, tocilar da za ta nuna masa tsamiya.

Tajuddeen ya yi ta juya tocilar a hannu. Can ya ce Labbo da Maijidda su tashi su taka daga ƙofar zaure zuwa bakin rijiya, kowa ya ƙirga. Labbo dogo ne, takunsa biyar shi ne nata shida. Tajuddeen ya ɗauki gawayi a murhu ya rubuta ɗari shida can saman bango, ya ja layi a ƙarƙashi. Maijidda ta dubi lambar nan, ta ji kamar ran yayanta ne aka rataye a wurin.

Daga ranar aikin ya tashi daga rumfa ya dawo gida. Tajuddeen ya samo ƙwan fitila irin na zamani da ake ce wa LED, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar dawa, amma in ya kama ba a iya kallonsa. Ya ce mata ƙarfin ƙwan ba shi ne magana ba. Haske kamar garken awaki ne, in ba a tara shi ba kowanne zai kama gabansa. Abin da ke tara shi shi ne ƙoƙon nan mai sheƙi da ke kewaye da ƙwan. In ƙoƙon ya yi faɗi ba zurfi, sai ya haska tsakar gida duka amma bai wuce katanga ba. In ya yi zurfi, sai hasken ya fita siriri kamar sanda ya tafi nesa. Ya sayi matattun tociloli a wurin 'yan gwangwan yana ciro ƙoƙunansu, ita kuma tana goge su da man goge baki da tsumma mai laushi har ta ga haƙoranta a ciki. Ƙwan yana zafi, sau biyu ya ƙone, sai ya yanko guntun murfin tsohuwar tukunyarta ya liƙa masa a baya don ya sha zafin. Ta ce murfin bai mutu ba. Ya ce yanzu ne ma zai fara aiki.

Da rana a ɗakin da ta share wa Labbo yake gwaji, ya toshe taga da buhu. Zai haska bango, ya tura ƙwan gaba kaɗan, ya ja shi baya kaɗan, abin da bai kai kaurin farce ba. In bai zauna daidai ba, sai a ga baƙin rami a tsakiyar hasken. In ya zauna, ramin ya rufe, tsakiyar ta dunƙule ta yi fari fat. Wannan dunƙulen shi yake ce wa zuciyar haske. Sauran da ke watsuwa a gefe yana ce masa ɓarna.

Amma bango ba ya faɗin nisa. Don haka tsakanin magariba da isha, in duhu ya sauka, sai su fita gonar da ke bayan gida, wadda aka gama yanke karanta. Shi ya tsaya a kan wani kututture da tocila. Ita ta yafa farin mayafinta ta miƙe gaba tana ƙirga taku. In ya daina ganinta, zai kashe tocilar ya kunna sau uku. Da ta ga haka sai ta tsaya ta riƙe lambar a ka, ta juyo. Da ta iso kalma ɗaya yake faɗa.

"Nawa?"

Ta faɗa, ya je ya rubuta a bango.

Maƙwabta sun yi ta surutu. Wata tsohuwa ta tare ta a bakin rijiya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inda miji ke kora matarsa daji yana bin ta da fitila ba, ko aljanu ake nema? Maijidda ta ce a'a, Inna, tsamiya ake nema. Tsohuwar ta ce to Allah ya sa a dace da mai tsami.

A ɗari uku da sittin abin ya tsaya cik, mako uku. Tajuddeen ya ƙara batir, tocilar ta yi nauyi, taku goma kawai ya ƙaru. Sai ya hau mota ya tafi Bungudu wurin wani abokinsa, Malam Mas'udu, mai koyar da lissafi da kimiyya a sakandare. Mas'udu ya biyo shi har gida da wata waya mai auna ƙarfin haske. Ya tsaya taku goma daga tocilar ya duba wayar, ya koma ashirin ya sake dubawa, ya nuna musu cewa hasken bai koma rabi ba, rubu'i ya koma. Ya ce haka Allah ya yi shi, in kana son ninka nisa sai ka ninka haske sau huɗu, kuma batir ba zai ba ka wannan ba. Sai dai a ƙara matse zuciyar hasken. Ya fito da wani gilashi mai kauri, mai tudu a tsakiya kamar bayan kunkuru, wanda ya ciro daga wani tsohon majigi da aka yar. Ya yi lissafi a takarda ya ce da wannan za a kai kusan inda ake so. Tajuddeen ya karɓi gilashin ya yi godiya, amma ya ce takarda ba ta da ido, sai abin da ƙafar Maijidda ta faɗa.

Wani abu ne Maijidda ta lura da shi tun ranar farko, a taku ɗari da arba'in. In ya ƙifta mata sau uku ta juyo, shi ya daina ganinta, amma ita hasken yana nan tsaye a idonta, har sai ta kare da hannu. Wata rana da neman tsokana ta yi kamar ba ta ga ƙiftawar ba, ta riƙe lambar a ranta ta ci gaba da tafiya har ta kai jerin dogon yaro da ke ƙarshen gonaki. Ta waiwaya. Ga shi nan dai, kamar tauraro ya faɗo ƙasa ya ƙi mutuwa. Sai ta ji daɗi. Ta ce a ranta ashe duk inda ta kai a duhun nan ta san inda mijinta yake tsaye. Ta dawo da niyyar faɗa masa, amma tana isowa ya ce nawa, gawayi a hannunsa, ita kuma ta faɗi lambar. Maganar ta wuce a haka. Ba abin da aka aike ta aunawa ba ne.

Da gilashin Mas'udu lambobin suka tashi. Ɗari huɗu da tamanin. Ɗari biyar da talatin. Tajuddeen ya ce farin mayafi yaudara ne, waɗancan mutanen ba fararen kaya suke sawa ba, ya sa ta koma yafa shuɗi mai duhu, lambar ta faɗo, ya sake zama a kan aikin wata guda. Ran da ta dawo ta ce ɗari shida da ashirin, da shuɗin mayafi, sai ya rubuta, ya zauna a ƙasa a gindin bangon, ya ce ta ba shi ruwa.

Tare suka kai wa Labbo. Mota zuwa Tsafe, daga nan mashin. Bayan magariba mutanen da suka rage a ƙauyen suka taru a gindin dutsen, Labbo ya hau, ya kunna. Hasken ya tsallake gonaki ya sauka a kan tsamiya, har ana ganin rassanta ɗaya-ɗaya, har wani tsuntsu ya tashi. Mutane suka yi ta salati. Labbo ya sauko yana dariya ya dafa kafaɗar Tajuddeen.

"Injiniya, na janye maganar akuya. Ashe ƙanwata ba ta yi asarar miji ba."

Washegari da za su tafi Maijidda ta sake yi masa maganar ɗakin da ke jiransa a Gusau. Ya ɗaga tocilar ya ce yanzu kuma me zai je yi birni, alhali yana da ido har tsamiya. Ta so ta ƙara magana, sai ta tuna cewa da ƙafarta aka yi idon nan. Ta bar maganar. Gaskiya ma hankalinta ya kwanta. Wata huɗu tana barci sosai.

Ranar wata Talata da hantsi, tana tankaɗen gari, Tajuddeen ya dawo daga kasuwa ba lokacin dawowarsa ba. Ya tsaya a ƙofar madafa bai yi sallama ba. Ta dube shi, ta ajiye rariyar a hankali don kada garin ya zube. Ba ta san me ya sa ta damu da garin ba.

Kafin su isa ƙauyen an riga an binne Labbo. A ɗakin Yelwa mata suka cika, Yelwa tana jingine da bango, muryarta ta dushe. Ta ce kullum yakan hau dutsen bayan isha, ya sake hawa kafin kiran asuba, ya bi gonaki da haske har tsamiya. Ran nan kare ya yi haushi, ya tashi ya ɗauki tocilar. Ta ji shi daga kan dutsen yana ce mata ta kwanta, ba kowa, ga tsamiya nan ita kaɗai. Bai rufe baki ba aka yi harbin. Ƙarar ce ta tashi yaran, ta kwashe su suka shige korama, sauran gari ma kowa ya tsere. An kora shanu da awaki, an ƙona rumbu biyu. Shi kaɗai aka rasa. Da gari ya waye aka same shi a kan dutsen, tocilar a gefensa tana ci.

Wata dattijuwa da ta zo gaisuwa daga wani ƙauye, tafiyar sa'a guda a ƙafa, ta ce Allah ya jiƙan Malam Labbo, ai su ma sun san shi ko ba su taɓa gaisawa ba.

"Kullum daga ƙofar gidanmu muna hangen fitilar nan tashi. Yara har suna sunka sa mata, tauraron Labbo. In munka gan ta mun san asuba ta kusa."

Matan suka ce Allah sarki. Jerin dogon yaron nan ne ya dawo wa Maijidda, da tauraron da ya ƙi mutuwa, da daɗin da ta ji. Ta tashi ta fice daga ɗakin.

A wajen maza kuwa wani labarin Tajuddeen ya ji. An nuna masa inda aka tsinci kwanson harsashi, a gindin wata kuka, bayan tsamiyar da kamar taku ɗari. Ya je ya taka da ƙafarsa. A mota da suke dawowa bayan sadakar bakwai, da Yelwa da yara da 'yan kayansu a baya, abu ɗaya ya faɗa tun daga Tsafe har Gusau. Ya ce da ma ya ƙara wa tocilar taku ɗari.

Yelwa ta shiga ɗakin da aka share wa mijinta. Tajuddeen ya kwashe kayan aikinsa ya koma zaure. Ya daina zuwa kasuwa. Ya rubuta ɗari tara a saman bango, sama da ɗari shidan, ya samo ƙoƙo mai faɗin bakin kwano, ya aika Bungudu a nemo masa wani gilashin. Tuwo yana hucewa a gefensa. Mutanen wasu ƙauyuka biyu da suka ji labarin tocilar tun kafin rasuwar sun aiko suna so, ya ce su jira, wannan karon ba zai ba da guntuwa ba.

Maijidda tana kallonsa ta ƙofa. Ta san in ya kai ɗari tara, wani zai tsaya a ɗari tara da hamsin. Ta san wata matar za ta ji mijinta yana cewa ba kowa. Amma faɗar haka na nufin ta faɗi tun yaushe ta sani. Kwana goma sha ɗaya tana ɗaukar maganar zuwa zaure tana dawowa da ita tare da kwanon tuwo.

Ran na sha biyu bayan magariba ya ce ta ɗauko mayafi, sabuwar ta haɗu. Suka fita gona. Da suka kai kututturen ta miƙa hannu ta karɓi tocilar, ta ɗora masa mayafin a kafaɗa.

"Yau kai za ka tafi, Malam. In na ƙifta sau uku na daina ganinka. Amma kada ka tsaya. Ka yi ta tafiya kana waiwaye, sai inda kai ka daina ganina."

Ya dube ta kamar zai yi musu. Wata biyar suna wannan aiki, bai taɓa tsayawa a ɗaya ƙarshen ba. Ya juya ya fara ƙirga.

Ta bi bayansa da haske. Ya ƙanƙance, ya zama ɗigo, ya ɓace. Ta kashe ta kunna sau uku, sannan ta riƙe ta da hannu biyu a saitin inda ya shiga. Ƙarfen ya fara ɗumi, ya koma zafi, ta naɗe shi da bakin zaninta. Aka kira isha a masallacin unguwa, aka idar, mutane suka watse. Ba ta sauke tocilar ba.

Da ya dawo ƙafarsa duk ƙaya, mayafin a dunƙule a hannunsa. Ya tsaya gefe, inda hasken ba ya dukansa. Ita ce ta yi tambayar.

"Nawa?"

Ya ce ƙirgar ta kuɓuce masa bayan dubu biyu. Ya wuce dogon yaro, ya wuce wasu gonaki, wani kwazazzabo ne ya tare shi. Daga bakin kwazazzabon ma yana ganinta sarai, da zai nuna da yatsa da ya nuna daidai ƙirjinta. Can ya ce, "Kin sani?"

"Tun ɗari da arba'in."

"Ba ki faɗa ba."

"Daɗi yake mini," ta ce. "Ina ganin inda kake."

Bai yi mata faɗa ba. Da ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya ce shi ne ya ƙirƙiro ƙiftawa sau uku, kullum yana yi wa mutumin da ba ya gani alama da haske, bai taɓa tambayar kansa yadda take ganin alamar ba. Ya karɓi tocilar ya kashe. Suka taka zuwa gida a duhu, yana gaba tana baya. A zaure ya ɗauki gawayi ya tsaya gaban bangon, ya daɗe, ya mayar da gawayin ya ajiye.

Da safe ya kira mutanen ƙauyukan nan biyu a waya ya faɗa musu abin da ya gani. Ɗaya ya gode. Ɗayan ya ce duk da haka yana so, zama a duhu kana jira ya fi wuya. Tajuddeen ya ce ya yi haƙuri, ba daga hannunsa ba. Ya koma rumfarsa yana gyaran ƙananan tociloli, irin waɗanda ake neman akuya da su.

Yelwa ta taɓa cewa a shafe bangon nan da farar ƙasa kafin salla. Maijidda ta ce a bar shi. Har yau ba ta gaya wa Yelwa abin da lambobin suke nufi ba, kuma ba ta san ko za ta iya ba. Abin da ya rage mata shi ne ƙirga. In ta fita, ko asibiti za ta ko gidan suna, bakinta yana motsi ba da saninta ba, kuma in ta kai ɗari shida da ashirin sai ta tsaya a tsakiyar hanya ta waiwaya.